Kula Da Gaɓoɓin Bayan Babur

Yau da wuya ka shiga ƙauye ka rasa babur. Shi ke kai hatsi kasuwa, shi ke kawo taki gona. In haihuwa ta zo wa mace da gardama cikin dare, shi a ke tayarwa a kai ta asibiti. Aikin da jaki da doki suka yi wa kakanninmu, yanzu ya koma wuyan babur. Masu babur kuwa sun san abincinsa. Suna ba shi fetur, suna canja masa baƙin mai, suna yi wa taya faci. Amma akwai wani wuri guda wanda ba safai a ke tunawa da shi ba, sabo da yana ɓoye a bayan inji, laka ta rufe shi. Wurin nan shi ne mahaɗar da ta riƙe ƙafar baya. In ta lalace, babur ya kan ka da mai shi ko da inji lafiya lau ya ke.

Yadda Aka Ƙera Bayan Babur

Je ka tsuguna gefen babur, ka dubi ƙafar baya da kyau. Za ka ga ba a jikin babur aka ɗaure ta kai tsaye ba. Akwai wani ƙarfe mai hannu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ƙafar tana tsakaninsu. Hannuwan nan sun miƙa gaba, sun haɗu a bayan inji. Siffarsa kamar gwafa ce a kwance, sabo da haka cikin wannan darasi gwafar baya za mu riƙa ce masa. Wata doguwar ƙusa ta shiga ta wannan gefen babur, ta ratsa gindin gwafa, ta ɓullo ta wancan gefe, aka ɗaure ta da babban noti. Nan ce mahaɗa. A kan ƙusar nan gwafa ke lilo sama da ƙasa duk sa'ad da taya ta faɗa rami ko ta hau tudu. Shokazoba kuma, watau abin nan mai sifirin, ta riƙe gwafa daga sama don kada lilon ya yi yawa.

Baburan farko ba su da wannan. An ɗaure ƙafar baya ƙam a jikinsu kamar ta keke, duk ramin da aka faɗa sai ƙugun mahayi ya biya. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, cikin shekarun 1950, gwafa mai lilo ta zama ruwan dare. Bajaj Boxer na ƙasar Indiya, da baburan Jincheng da Haojue na ƙasar Sin irin waɗanda muka saba gani, da Honda CG125 wanda aka fara ƙerawa a Japan cikin 1975, duk haka bayansu ya ke. Gwafa ɗaya, shokazoba biyu.

Ga abin da za ka riƙe. Sama da ƙasa kaɗai aka yarda gwafa ta yi. Ba a yarda ta yi dama da hagu ba. Dubi ƙyauren ɗaki. In ƙarafan da suka riƙe shi suna da kyau, buɗewa da rufewa kaɗai ya ke yi. In sun sassauta, sai ya karkace ya riƙa jan ƙasa. Haka gwafa ta ke. Sai dai ƙyaure ba ya gudu kan hanya da mutane a bisansa.

Abin Da Ke Cikin Mahaɗa

In ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe, za su cinye juna. Don haka masu ƙera babur ba su bar gwafa ta zauna kan ƙusa tsirara ba. Sun sa wani abu tsakani. Abin nan iri uku ne, tilas kuwa ka san wanda ke cikin naka, gama abin da ke gyara wani shi ke ɓata wani.

Na fari bushin roba ne. Bututun ƙarfe biyu ne, ƙarami cikin babba, an cika tsakaninsu da roba mai tauri an manne. Ba ya juyawa. Robar ce ke murɗawa kaɗan ta komo. Ƙananan babura da yawa da shi su ke zuwa, don yana da araha, kuma ba ya bukatar mai. Kai, mai ma abokin gābansa ne. Giris da baƙin mai da fetur su kan kumbura roba, su sa ta ruɓe.

Na biyu bushin tagulla ne ko na filastik mai ƙarfi. A cikinsa akwai bututun ƙarfe mai santsi, a kansa ya ke juyawa. Wannan yana son giris.

Na uku boris ne mai allura. Ɗan gwangwani ne wanda aka jera wa ƙananan sandunan ƙarfe a ciki, sirara kamar guntayen allura, suna birgima kewaye da bututu. A manyan babura da baburan shiga daji aka fi samunsa. Ya fi duka sauƙin motsi, ya kuma fi duka tsoron ruwa. Sabo da haka a kan toshe bakinsa da zoben roba a kowane gefe. Waɗansu baburan dajin shokazoba ɗaya gare su a tsakiya, an haɗa ta da gwafa ta hanyar waɗansu gajerun ƙarafa a can ƙasa. Kowace gaɓa ta ƙarafan nan tana da nata boris. Su suka fi kusa da ƙasa, su ke fara shan ruwa, su ke fara mutuwa.

Mene ne giris ɗin kansa? Mai ne wanda aka haɗa da wani irin sabulu don ya yi kauri ya zauna wuri ɗaya. Sabulun kamar soso ya ke, yana riƙe da man yana sakinsa kaɗan kaɗan. Aikinsa biyu ne a mahaɗa. Yana raba ƙarfe da ƙarfe, yana kuma cika wurin don kada ruwa ya sami mazauni.

Abin da ke kashe mahaɗa a ƙasarmu ba ɓoyayye ba ne. Da damina a kan ƙetare rafi, a kutsa cikin fadama, ruwa ya kai har inji. Ruwan da ya shiga mahaɗa ba ya fita da sauri. Yana nan yana wanke giris, yana haifar da tsatsa. Da hunturu kuma ƙura ce. In zoben roba ya tsage, ƙura da rairayi su shiga su gauraya da sauran giris, su zama wani abu kamar dutsen wāshi, kullum yana cin ƙarfe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wurin wankin mota ma, inda a ke feshi da ruwa mai ƙarfi, in aka saita bakin tiyo daidai mahaɗa, ruwan ya kan ture zoben ya shige. Ka ce wa yaron ya kauce wa wurin.

Sa'an nan ga nauyi. An ƙera ƙaramin babur don mutum biyu da ɗan kaya. Buhun masara cikakke kuwa ya kai kilo 100. In ka ɗora biyu ka hau, ka wuce abin da aka ƙera shi dominsa nesa ba kusa ba. Ban ce a daina ɗaukar kaya ba, gama da shi a ke ci da iyali. Abin da na ke cewa, babur mai dakon buhu ya fi na malamin makaranta bukatar dubawa.

Alamun Ciwo

Mahaɗa ba ta mutuwa rana ɗaya, ta kan yi ta ba da labari. Za ka ji bayan babur yana kaɗa wutsiya kamar kifi, musamman a kwana ko cikin rairayi. In ka ba da wuta sai ya ja gefe guda, in ka saki ya komo. Ka kan ji ƙwas daga ƙasa in ka faɗa rami, ko ƙiiƙii in fasinja ya hau. Tayar baya ta cinye gefe ɗaya ta bar ɗaya. Sarƙa ta riƙa sassautawa ba dalili, wani lokaci ta zame. In kuwa ka ga wani jan gari kamar garin jar ƙasa yana fitowa daga bakin mahaɗa, tsatsa ce, ciki ya bushe ke nan.

Mutane da yawa in sun ji haka sai su ƙara wa taya iska, ko su sayi sabuwar sarƙa. Kuɗi sun tafi, ciwo na nan. Sarƙar da ta zame a guje kuwa tana iya cije ƙafar baya ta tsai da ita nan take. A kan kwalta, da mota a baya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gwaji

Gwajin nan ba ya cin ko kwabo, ba ya kuma wuce minti 5. Kashe inji, ka bari salansa ta huce. Nemi wuri mai tauri wanda ya daidaita. Kafa babur kan matsayinsa na tsakiya mai ƙafa biyu, har tayar baya ta bar ƙasa. In ba shi da irin wannan matsayi, tura guntun icce mai kauri ƙarƙashin inji. Ka sami mutum guda ya riƙe kan babur gam.

Da fari sa sifana a babban notin mahaɗa ka gani ko ya kwance. Sau da yawa ciwon ke nan duka. In ya kwance, ɗaure shi kāna ka yi gwajin.

To, durƙusa a bayan babur. Kama ƙarshen hannuwan gwafa, dama da hagu. Tura dama, ja hagu, da ƙarfi, sau da yawa. In akwai yaro kusa, ya ɗora yatsa daidai inda gwafa ta haɗu da jikin babur, amma kada ya cusa shi cikin tsaga. Yatsa na jin abin da ido ba ya gani. In bushin roba gare ka, za ka ji ɗan taushi kaɗan kamar ka danna taya, wannan ba laifi. Abin da ba a so shi ne ka ji gwafa ta tafi fayau, ta bugi wani abu, ta tsaya. In bushin tagulla ne ko boris, ko kaɗan ba a son motsi.

Kada ka raina ɗan motsin da ka ji. Gwafa doguwa ce. Wasa kamar kaurin farce a mahaɗa, kafin ya kai inda taya ta taɓa ƙasa ya ninka sau da yawa. Ka tuna da taɓarya: in ka kaɗa gindinta kaɗan cikin turmi, dubi yadda kanta ke yawo.

Akwai wani ciwo mai kama da wannan, kada su rikice maka. Saki gwafa, ka kama tayar kanta, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka girgiza. In taya na motsi amma gwafa na tsaye, to boris ɗin cikin ƙafa ne ya ci, ko notin ƙafa ya kwance, ko wayoyin ƙafa sun saki. Mahaɗa ba ta da laifi a nan.

Kwancewa

In ka ji motsi, ko ka ga jan garin nan, ko an shekara ba a buɗe ba, sai a kwance. Wanda bai taɓa yi ba, ya kai wa makaniki karo na fari, ya zauna ya kalla, ya yi tambaya. Aikin ba shi da wuya, haƙuri ya ke so.

Tanadi sifanu masu daidai da notinka, da filaya, da guduma, da guntun icce, da tsummoki masu tsabta, da kananzir cikin kwano, da tsohon buroshin haƙori, da giris. Wanke babur tukuna. Shimfiɗa buhu mai tsabta, kada ka yi aikin nan kan rairayi.

Sassauta manyan noti tun babur yana kan ƙafafunsa, don kada ya faɗo maka sa'ad da ka ke kokawa da su. Sa'an nan ɗaga shi. Kwance notin sandar birki, da ƙarfen da ya riƙe farantin birki. Cire murfin sarƙa. Zare ƙusar ƙafa, ka sauke sarƙa, ka fitar da ƙafar baya. Kwance shokazoba daga ƙasa. Yanzu gwafa ta zama ita kaɗai.

Dakata nan ka yi gwaji na biyu. Ɗaga ta sama, sauke ta ƙasa, a hankali. Mai boris ko bushin tagulla ya kamata ta tafi sumul. In tana cijewa, ko ka ji kamar tana tauna tsakuwa, ciki ya lalace. Mai bushin roba ita ta kan yi gardama, in ka saki ta koma inda ta ke. Wannan halinta ne.

Cire babban noti ka zare doguwar ƙusa. Duk abin da ya fito, washa ko zobe ko bututu, jera shi kan buhu bisa yadda ya fito, na dama a dama, na hagu a hagu. Zana su cikin littafinka ka sa musu lamba, 1, 2, 3, ko ka ɗauki hotonsu da waya. Washa guda in ta ɓata ko ta sauya wuri, gwafa ba za ta zauna daidai ba.

Wani lokaci ƙusa ta kan ƙi fita, tsatsa ta manne ta da bututu. A nan ne a ke yin ɓarna. Mutum ya fusata, ya ɗauki guduma ya yi ta dukan bakin ƙusa, bakin ya baje kamar kan turke, ba ta fita, noti kuma ba ya sake shiga. Kada ka yi haka. Ɗiga mata kananzir ko man kwance tsatsa ta kowane gefe, ka bar ta ta kwana. Da safe juya ta da sifana gaba da baya. Mai da noti har ya yi daidai da bakin ƙusa, ɗora icce a kai, sa'an nan ka buga a hankali. In ta ƙi, kai wa makaniki. Kada ka sa wuta, tankin fetur na nan bisa kanka.

Wanki Da Dubawa

Wanke bututu da ƙusa da boris da kananzir, ka goge da buroshi har tsohon giris ya fita duka. Kada ka yi da fetur. Tururinsa ya kan kama wuta daga nesa, ko daga murhu ko daga taba. Bushin roba kuwa tsumma kaɗai ya ishe shi. Lura da alluran boris, gama a waɗansu giris ne kaɗai ke riƙe da su, da an wanke sai su zube. Ƙidaya su ka rubuta. In 1 ta ɓata cikin ƙasa, boris ɗin ya tashi aiki.

Bari kome ya bushe, sa'an nan ka fita cikin haske. Bi jikin bututu da farce. In farcenka ya wuce sumul, yana da rai. In ya sarƙe a wani kwari, ko ka ga ramummuka kamar zanen agana, ko layi layi inda allurai suka kwanta suka ci, ya mutu. Giris ba ya ta da matacce. Zai ɓoye ƙarar kwana kaɗan, motsin kuwa na nan. Dubi allurai, masu rai suna ƙyalli, matattu sun yi ja ko baƙi. Dubi zoben roba ko leɓensa ya tsage ko ya ƙandare. Dubi bushin roba ko ya farfashe, ko robar ta rabu da ƙarfenta, ko bututun ciki ya koma gefe guda. Mirgina doguwar ƙusa kan gilashi ko tebur mai daidai. In tana tsalle, ta lanƙwashe, a sake ta.

Tun da gwafa na hannunka, goge ta ka dubi wuraren walda, musamman gindin kunnuwan da shokazoba ke zama. Tsaga siririya kamar gashi a wurin nan, nauyin buhu ne ya jawo ta. Kada ka mai da ita haka.

Sa Giris

Nan karatunka zai yi maka rana. Dubi jikin gwangwanin giris. Nemi kalmar Lithium, watau irin sabulun da aka haɗa shi da shi, da haruffan NLGI da lamba 2. Lambar nan awon kauri ce. Ta fara daga 000, mai ruwa ruwa, har zuwa 6, mai tauri kamar sabulun wanki. Lamba 2 ita ce ta irin wannan aiki. In ka sami wanda aka rubuta ba ya jin ruwa, ya fi. Kada ka gauraya iri biyu, gama waɗansu in sun haɗu su kan tsinke su zube. Shi ya sa aka ce ka wanke tsohon sarai.

Giris ɗin da a ke aunawa a kasuwa daga buɗaɗɗen bokiti ya fi araha, amma ya yini yana shan ƙura. Murza kaɗan tsakanin yatsunka. In ka ji tsaki tsaki, bar shi. Man shanu da man gyaɗa da man kaɗanya na miya da shafawa ne, a mahaɗa su kan narke su zube ko su daskare su yi danƙo. Tsohon baƙin mai kuma ruwa ne, ba ya zama, ga shi cike da garin ƙarfe.

Wanke hannunka. Ɗebo giris da yatsa ka cusa cikin boris, kana juya allurai, har ka ga ya ɓullo ta tsakaninsu ko'ina. Shafa wa bututu, ka shafa kaɗan a leɓen zobe. Bushin tagulla ko filastik, shafe cikinsa duka. Doguwar ƙusa ma a shafa mata siriri daga kai har gindi, ko da bushin roba gare ka, don kada ta sake mannewa da bututun ƙarfe. Robar dai kada ya taɓa ta. In baburinka na da ɗan nono na ƙarfe a gindin gwafa, ka huta. Goge bakinsa, kafa famfon giris, ka matsa har sabo ya turo tsoho waje.

In sabon kaya za ka saya, sayi na dama da na hagu tare. Tafi da tsohon kasuwa, ka karanta abin da aka rubuta a bakinsa. Misali, boris mai allura wanda aka rubuta wa HK2016, ma'anarsa faɗin raminsa milimita 20, tsawonsa milimita 16. Boris ɗin ƙafa kuma za ka ga lamba kamar 6202 ko 6301. In an ƙara 2RS a baya, yana da murfin roba gefe biyu ke nan, shi ya fi dacewa da ƙasa mai ƙura. Wanda ya iya karanta lambar nan, ba a ba shi wani abu a ce masa duk ɗaya ne.

Gwangwanin boris mai allura siriri ne ƙwarai, guduma ɗaya ta ishe shi. Ba a buga shi, matsa shi a ke yi. Makanikai su kan zura doguwar ƙusa mai zare ta ciki, su sa manyan washa gefe biyu, su riƙa ɗaure noti a hankali har ya shige. Gefen da ke da rubutu shi ke duban waje.

Mayarwa

Mai da kome bisa zanenka, na ƙarshen fita shi ne na farkon shiga. Amma ga wata dabara wadda ko makanikai ba duka suka kula da ita ba. In bushin roba gare ka, kada ka ɗaure babban noti ƙam sa'ad da ƙafa ke rataye a sama. Ɗaure shi sama sama. Gama haɗa kome, sauke babur ƙasa, mutum ya hau ya zauna, sa'an nan ka ɗaure sosai. Ga dalili. Da ka ɗaure, bututun ciki ya kafe ke nan. In ka kafe shi gwafa na rataye, da an sauke an hau sai robar ta murɗe, ta zauna a murɗe dare da rana, ba da jimawa ba ta yage. Notin shokazoba ma haka, gama su ma roba ce cikin idanunsu.

Littafin da ke zuwa da babur ya faɗi ƙarfin ɗaurin kowane noti, akwai kuma sifana mai awo wadda ke nuna shi. In makanikinku na da ita, a yi da ita. In babu, ɗaure da ƙarfin hannu sosai, amma kada ka zura bututu a sifana ka hau da ƙafa. Zare ya kan tsinke, mahaɗa kuma ta cije.

Daidaita sarƙa. A ƙananan babura, in ka taɓa tsakiyarta ta ƙasa, ta yi wasa kamar milimita 20 zuwa 30 sama da ƙasa. In ta yi tsauri da yawa, duk sa'ad da gwafa ta yi lilo sai ta fizgi mahaɗa da boris. A ƙarshen hannuwan gwafa akwai 'yan zane zane. Ƙidaya su, na dama ya yi daidai da na hagu, don ƙafar baya ta bi sawun ta gaba. In ka buɗe sarƙa, rufaffen kan ɗan makullinta ya dubi inda sarƙa ke tafiya. Mai da 'yar ƙusa mai baki biyu wadda ke hana noti kwancewa, sabuwa in da hali, ka buɗe bakinta. Goge duk giris ɗin da ya ɓullo. Ko ɗigo kada ya taɓa taya ko cikin birki. Taka birki sau da yawa ka ga yana kamawa, ka ga fitilarsa na kunnuwa, tun ba ka hau ba.

Shokazoba ba a buɗe ta a gida, amma a kan duba ta. Danna bayan babur da ƙarfi ka saki. Ya kamata ya taso sau ɗaya ya tsaya. In ya yi ta rawa, ko ka ga mai ya jiƙa sandarta, ta gaji, a sake duka biyu. A gindin sifirin akwai matakala ta ƙara tauri. Mai ɗaukar kaya ya ƙara, amma dama da hagu su zauna mataki ɗaya.

Gwajin girgiza, yi shi duk ran da ka canja baƙin mai. Kwancewa da sa giris kuwa, sau ɗaya a shekara shi ne mafi ƙaranci, lokacin da ya fi kuwa shi ne da ɗaukewar ruwa, wajen watan Oktoba, kafin a fara jigilar amfanin gona. Mai ƙetare rafi kullum ya ƙara sau ɗaya kafin faɗuwar damina. Rubuta ranar cikin littafinka, da lambar da agogon tafiya ya nuna, da abin da ka saya da kuɗinsa.

In ka gama, fara zagaya fili a hankali kai kaɗai, ba kaya. Bayan ka je kasuwa sau ɗaya ka komo, sake sa sifana a babban noti da notin ƙafa, gama sabon bushin ya kan zauna ya bar ɗan sarari.